Aron Kunne

"Wannan fa?" in ji Injiniya daga ƙarƙashin motar, ya ɗana wa ƙarfen guduma.

Ina tsugune a gefen tayar baya, tef ɗin awo yana rataye a wuyana. Na sunkuya yadda zai ga bakina.

"Matacce ne."

"Me?"

"Matacce," na sake faɗi, na ja kalmar a hankali.

Ya yi tsaki, ya zaro alli daga bayan kunnensa ya ja layi a wajen, ya matsa gaba tsawon tafin hannu ya sake bugawa. Nan ma haka. Tsatsa tana zubo masa a fuska, yana tofar da ita yana tari.

Ni tela ne. Shagona yana jikin gidana, bango ɗaya ne ya raba ni da Injiniya. Ban san komai a harkar mota ba, kuma ban taɓa sha'awar sani ba. Abin da ya kawo ni tsakar gidansa tun farko ma faɗa ne. Duk sanda ya kunna injin walda sai wutar shagona ta yi ƙasa, keken ɗinkina ya riƙa nishi yana cin zare. Ran nan ya ɓata mini wuyan riga har biyu, na shigo a fusace zan gaya masa magana. Na gama surfa masa faɗan kaf, yana kallon bakina yana gyaɗa kai, sannan ya ce, "Tela, motsin bakinka kawai nake gani. Amma kai kunnenka lafiya lau yake, ko? Zo ka ara mini shi."

Shekara arba'in ya yi yana walda da gurzar ƙarfe, injin gurza ya cinye masa kunne. Ga shi kuma aikin da ya sa a gaba aikin kunne ne. Wata tsohuwar jif ce, irin mai shiga daji, ta shekara goma sha ɗaya a tsakar gidan a kan bulo, kaji suna ƙwai a ƙarƙashinta. Ya riga ya gyara injinta har yana tashi. Matsalar tana casis, wato dogayen ƙarafan nan biyu da duk nauyin mota ke zaune a kansu. Tsatsa ta shiga cikinsu ta cinye daga ciki. Daga waje sai ka ga ƙarfe sumul, ashe ɓawo ne.

"Walda ba ta kama tsatsa," ya ce mini ranar farko. "In ka ɗora faci a kan mataccen ƙarfe, kai da kanka ka yaudara. Sai ka yi ta yanka har ka iso inda yake da rai. Mai rai in ka buge shi zai amsa maka, ya yi ƙara ya ja ta. Matacce sai ya ce ɗif ya yi shiru. Da ina ji da kaina. Yanzu kai za ka ji, ni in yanka."

Haka na zama kunnen haya ba tare da an tambaye ni ko ina so ba. Kullum da hantsi zai buga bangon sau uku, in ajiye almakashi in zagayo ina mita.

Matarsa, wadda duk layinmu ke kira Gwaggo, tana zaune a bakin ƙofar ɗaki a kan kujerar roba tana kallonmu. Shekara uku ke nan da ɓarin jikinta na dama ya shanye. Hannun yana kan cinyarta kamar ba nata ba, magana kuma sai da ƙyar, kalma biyu ko uku. Saboda ita ake wannan wahala. Tana da yaya guda ɗaya, ita kaɗai ta rage mata a duniya cikin waɗanda suka fito ciki ɗaya. Yayar tana ƙauyensu can bayan duwatsu, ta makance, ta tsufa tukuf. Tun da ruwa ya tafi da gadar hanyar, motar haya ba ta ƙara zuwa ba. Sai dai babur, shi ma da rani, a gangara cikin rafi a haura ta kan duwatsu. Gwaggo ba ta iya zama a kan babur. Yayar ma haka. A waya kuwa ɗaya ba ta iya magana, ɗayar ba ta ji sosai, sai su riƙe wayar su yi ta kuka.

Mutum biyu ne masu irin wannan mota a kusa da mu, kuma Injiniya ya sa babbar riga ya je wajen kowannensu. Na farko ya ce tasa sabuwa ce, ba don duwatsu ya saye ta ba. Na biyu ya ce za a duba, har yau ana dubawa. Da ya dawo sai ya yaye tamfol ɗin da ke kan tasa, ya kori kajin.

"Tsohuwa," ya ce wa Gwaggo, "kafin ruwan bana ya sauka zan kai ki ki ga yayarki. Ni ne zan tuƙa."

Sai da muka yi wata guda muna wannan aiki. Shi zai buga, ni in faɗa, ya yanke mataccen wajen, ya gurje bakin har ya yi fari, ya auna sabon ƙarfe ya yanka daidai. A nan ne kaɗai nake samun bakin magana, don na ga awonsa ya fi na wasu teloli da na sani. Idan ya sa gilashin walda a fuska sai ya ce, "Juya baya, Tela. Tsohuwa, rufe ido." Tsakar gidan ta cika da shuɗin haske da warin ƙonannen ƙarfe. In ya gama ya kakkaɓe, sai ka ga layin waldar ya kwanta shar, ko ɗinkin hannu albarka. Faci tara ya yi a haka.

Amma ina lura da shi. A makon farko yakan shiga ƙarƙashin motar ya fito da kansa. A mako na uku sai na jawo shi da tabarmar da yake kwance a kai. Ƙafafunsa sun kumbura har ya yanke bayan takalminsa. Idan ya ƙone sandar walda ɗaya sai ya zauna ya jingina da taya, yana jan numfashi kamar wanda ya yi gudu.

'Yarsu guda ce, nas ce a wani babban gari mai nisa. Ta zo ranar Asabar ta same shi cikin hayaƙi.

"Baba, me likita ya ce maka?"

"Me?"

"Ka ji ni sarai. Ya ce kada ka ƙara shaƙar wannan hayaƙin."

"Likitan ne zai kai uwarki?"

"Zan nemi hanya, Baba."

"Shekara uku kina nema."

Gaskiya ya faɗa. Da za ta tafi sai ta leƙo shagona, ta tsaya tana wasa da wani ƙyalle a kan tebur.

"Kawu Tela, zuciyarsa ce. Ta kumbura, ba ta iya aikinta. Ba maganar shekara ake yi ba."

"Ya sani?"

"Ya sani. Shi ya sa yake sauri." Ta goge ido da bayan hannu. "Don Allah kada ka bari ya wahalar da kansa a banza."

Na ce to. Wallahi da zuciya ɗaya na faɗa.

Kwana huɗu bayan haka muka iso wajen da yake ta kewayewa tun farko. A baya ne ta hagu, inda sifirin, ƙarfen nan mai danƙo da ke riƙe da taya, yake kama casis. Ya riga ya gaya mini cewa ko'ina ana iya yi masa faci, amma wannan wajen shi ke ɗaukar duk wani duka na hanya. In an samu ƙarfe mai rai a kewayensa, aiki ya ƙare. In ba a samu ba, sai dai a sake casis ɗin gaba ɗaya, kuma wannan ba aikin tsakar gida ba ne, ba kuma aikin mutum mai irin ƙirjinsa ba.

Ya yanke abin da ido ke iya gani ya ruɓe. Ya gurje bakin. Sannan ya kwanta rigingine ya daɗe yana kallon wajen, gudumar tana kan ƙirjinsa tana hawa da sauka.

"Matso, Tela."

Ya buga. Ƙarfen ya ce ɗif.

Ya matsa ɗan yatsa biyu ya sake bugawa. Ɗif. Ya matsa har ƙarshen inda hannu zai iya kaiwa. Can ɗin ya ɗan yi wata ƙara siririya, amma ba ta ja ba, nan take ta mutu. Wata guda ina sauraron ƙarfe, na san abin da na ji.

Na ɗaga kai na hango Gwaggo. Ta sunkuyo gaba a kujerarta har mayafinta ya zame, tana kallon bakina ita ma. Na dubi Injiniya, leɓɓansa sun yi shuɗi-shuɗi, tsatsa ta manne masa a gira. Tausayi ya kama ni, irin wanda ke sa mutum wauta. Na ce a raina, mutumin nan ba zai kai ranar da za a sauke motar nan daga kan bulo ba. Me zai hana ya tafi da ransa a sake?

"Yana da rai," na ce.

Ya zuba wa bakina ido. "Sake faɗi."

"Yana da rai."

"Duka ukun?"

"Duka ukun."

Ya juya gudumar a hannunsa, ya dubi ƙotarta. "Ka tabbata, Tela?"

"Kunnenka ne ko nawa?" na ce, har da ɗan faɗa, yadda na saba yi masa.

Sai ya yi dariya, dariyar ta koma tari. "Tsohuwa, kin ji? Ki fara haɗa kaya."

Gwaggo ta daki cinyarta da hannunta mai lafiya. Ni kuwa na tashi na ce ina da ɗinki, na koma shago na zauna gaban keke ban taka shi ba.

Lissafina bai yi daidai ba. Maganar da na yi ita ta tashe shi. Mutumin da nake jawowa da tabarma ya koma shiga da fita da kansa. Kwana goma sha takwas ya yi a kan wannan waje ɗaya da sauran ƙananan abubuwa. Ya yi faci mai kauri, ya naɗe shi ta gefe uku, ya bi layin waldar sau biyu. Ya shafe casis ɗin da baƙin fenti. Ya wanke kujeru, ya ɗaura wata igiya mai faɗi a kujerar gaba don ta riƙe kafaɗar Gwaggo. Kullum in na zagayo sai in ce yau zan faɗa masa. Kullum sai in same shi yana waƙa ƙasa-ƙasa, ba ya jin kansa balle ya san muryar ta karkace, sai in haɗiye. Matata ta tambaye ni abin da ke hana ni cin abinci, na ce zafi ne.

Ranar Litinin da safe aka sa jak aka zare bulo ɗaya bayan ɗaya. Motar ta sauka a kan tayoyinta, ta ɗan yi lilo ta tsaya. Na fara gaya wa kaina cewa wataƙila kunnena ne ya yi kuskure ranar nan.

Matata da wata maƙwabciya suka ɗauko Gwaggo suka sa ta a gaba. Ta sha ado, har da kwalli. An sa jakarta a baya, da garwar ruwa, da tayar safaya. Injiniya ya ce zai zagaya layi sau ɗaya tukuna ya ji lafiyarta, amma Gwaggo ta ƙi yarda a bar ta a ƙasa. Ya tayar da injin, hayaƙi ya turnuƙe gidan, na buɗe masa ƙofar duka biyu.

A bakin ƙofarsu akwai kwata, an ɗora mata kankare, da ɗan tudu kafin a hau titi. Tayoyin gaba suka haye lafiya. Ta baya ta dama ta hau. Da ta hagu ta daki tudun sai na ji wata ƙara, ba mai ƙarfi ba ce ma, kamar an taka busasshen kwando. Bayan motar ya zauna ta hagu, taya ta shige cikin bodi ta cije. Motar ta tsaya rabi a waje rabi a ciki.

Injiniya ya kashe injin. Ya sauko a hankali, ya dafa bodin ya zagayo, ya durƙusa, ya kwanta a kan kankaren da fararen kayansa. Ya miƙa hannu ciki. Da ya fito da shi akwai wani yanki na casis a tafinsa, baƙin fenti a waje, ja a ciki. Ya murza shi da yatsu ya zube.

"Waldar tana nan," ya ce. Ba da kowa yake ba. "Ko motsi ba ta yi ba. Ƙarfen da ke gefenta ne ya yage."

Bai dube ni ba. Da ya dube ni ma da ya fi mini sauƙi.

Mutanen layi suka taru, aka ɗaga bayan aka tura motar ciki. Da matan suka zo sauke Gwaggo sai ta riƙe igiyar kafaɗarta da hannunta mai lafiya.

"Mu je," ta ce. "Mu je mana."

Sai da matata ta ɓanɓare yatsunta ɗaya bayan ɗaya.

Daga ranar Injiniya bai ƙara fitowa tsakar gida ba. Wutar shagona ta daidaita, keke yana gudu yadda nake so, ni kuma na tsani ƙararsa. Kwana biyar ina kewaya ƙofarsu kamar ɓarawo. A na shida, da yamma, Nas ta zo ta ce babanta yana kirana.

An tokare shi da matasai uku, don ba ya iya kwanciya sosai. Ɗakin yana warin man zafi. Gwaggo tana kujerarta a gefen gadon, ta juya fuska wajen taga. Na zauna a bakin gadon inda zai ga bakina.

"Injiniya, ranar nan ƙarya na yi maka. Matacce ne. Duka ukun."

Ya daɗe yana numfashi kafin ya samu na magana.

"Hannuna ya ji," ya ce. "Guduma tana gaya wa hannu, ba kunne kaɗai ba. Na ji ta nutse. Sai na ce ko hannun ne ya tsufa shi ma. Na ce bari in bi na Tela, shi nasa sabo ne."

"Tausayinka na ji."

"Me?"

"Tausayi," na sake faɗi.

Ya gyaɗa kai. Babu fushi a fuskarsa, gajiya ce kawai. "Kwana goma sha takwas, Tela. Da sauran ƙafata a lokacin. Da na koma wajen mutumin nan na biyu na zauna a ƙofarsa har ya ji kunya. Da na nemi masu ɗaukarta a kan gado daga bakin rafi. Da na yi wani abu." Ya yi tari, Nas ta riƙe masa kofi. "Yanzu ko ƙofar ɗakin nan ba na kaiwa."

"Ka yafe mini."

"Ni na yafe." Ya karkata kai wajen matarsa. "Ba ni ne ban je ba."

Na dubi Gwaggo. Ba ta juyo ba. Na tsuguna a gabanta na ce, "Gwaggo, ki yi haƙuri." Ta ci gaba da kallon taga, har na gaji da tsuguno na miƙe.

Washegari na sa hulata na je wajen mutumin nan na biyu da kaina. Aka ce ya yi tafiya da motar, sai ƙarshen wata. Na je tashar 'yan babur na tambayi ko za a samu majiya ƙarfi huɗu da za su ɗauki mara lafiya daga rafi zuwa ƙauyen. Suka ce an riga an yi ruwa sau biyu a can bayan duwatsu, rafin ya kawo, ko su sun daina zuwa.

Injiniya ya rasu ranar Alhamis da hantsi, ina cikin yanka wani wando. Matata ce ta shigo ta tsaya a bakin ƙofa, ban bari ta faɗa ba. Muka kai shi makwancinsa kafin rana ta yi tsaka. Mutane sun zo da yawa, kowa yana nuna ƙofar gidansa ko tagarsa yana cewa shi ya yi mini ita, shekara ashirin ko ɗigo ba ta saki ba.

Daga baya masu sayen tsofaffin ƙarafa suka zo da injin yanka. Kafin azahar sun gama da jif ɗin. Babban cikinsu ya ce bai taɓa yanka casis mai laushi haka ba, sai dai faci-facin ne suka cinye masa faifan yanka biyu. Ya tambaye ni wa ya yi waldar. Na ce maƙwabcina ne.

Damina ta yi nisa sosai kafin Nas ta samu ɗaki a ƙasa inda uwarta za ta iya zama, ta zo ɗaukarta. Ƙaramar mota ta kawo. Aka kulle gidan aka ba ni makulli. Na taya su sa kaya, matata ta gyara wa Gwaggo zama a kujerar baya ta sa mata matashi a gefen da ya shanye. Na leƙa ta taga na yi mata sallama. Ta dube ni wannan karon, ta ɗan motsa baki, amma ban gane abin da ta ce ba.

Na tsaya a bakin shago ina kallon motar tana gangara layi. A ƙarshensa hanya ta rabu biyu. Ta dama ita ce ta babban gari. Ta hagu ita ce ke zuwa wajen duwatsu, kuma ranar an yi ruwa da asuba, gari ya washe, ana hango su shuɗi-shuɗi a can nesa. Direban ya tsaya ya ba wata babbar mota hanya, sannan ya karya dama. Ta gilashin baya ina ganin kan Gwaggo da farin mayafinta. Motar tana juyawa, ita tana juya wuya hagu a hankali, har kwanar ta ɓoye ta.